Malam Gado, Mai Ƙirga Nakiya da Carbi

Kafin rana ta hau dutsen da ake fasawa tsakanin Ƙaura da Zurmi, Malam Gado ya riga ya jingine kekensa a gindin tsamiya. Daga Banga yake tahowa, har tsawon shekara ashirin da shida. Ba ya yarda a tayar da injin iska sai ya bi tiyo da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe, ya ɗaure kowace mahaɗa da waya, don ya taɓa ganin tiyo ya ƙwace ya tsiyaye wa mutum ido. Sannan ya tuɓe riga, ya cusa auduga a kunne, ya jawo jarkar ruwan da zai riƙa zubawa a rami don ƙura ta kwanta. Sai ya yi bisimilla ya kama injin huda.

Aikinsa huda dutse. In ya gama, mai nakiya ya cika ramukan, ya kunna lagwani ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ruga. Shi kuwa Gado sai ya laɓe, ya cire takalmi, ya fito da carbi. Duk nakiyar da ta tashi, ya ja ƙwaya ɗaya. Abokan aiki sun daɗe suna tsokanarsa, wai shi kaɗai ke wuridi da nakiya.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aikin hanyoyi ya yi yawa a sabuwar jiha, tifofi suka yi layi suna jiran tsakuwa. Wata ranar Laraba aka fasa dutse, hayaƙi ya wuce, helma Wakili, shugaban ma'aikata, ya ce a koma aiki. Saminu, magidanci mai 'ya'ya uku da ke riƙe da inji na biyu, ya hango guntun tsohon rami, ya ce ga sauƙi ya samu, ya nufe shi da ƙarfen hudarsa. Gado ya je ya rufe iska, ya zauna bisa makunnin.

“Rami goma sha biyu munka huda,” in ji shi. “Goma sha ɗaya sunka tashi.”

“Haba Baba Gado,” in ji Wakili, “kai da ko kiran salla sai an taɓa ka, kai za ka ƙirga muna?”

Aka yi dariya, domin gaskiya ne, inji ya cinye masa kunne. Gado bai ji haushi ba. Ya ce ai ba da kunne yake ƙirga ba, da tafin ƙafa, dutse ke gaya masa. Direbobi suka dinga danna hon. Wakili ya rantse in aka duba ba a ga komai ba, to ranar Gado zai ajiye inji ya koma gona. Gado ya ce ya yarda, amma sai an jira rabin awa, kuma mai nakiya kaɗai zai matsa wurin.

Waɗanda ke wurin sun ce rabin awar nan ta fi yini tsawo. Gado yana zaune, ga iyali a gida, ga shi ba shi da wata sana'a, kuma shi kansa ya san ƙafa na iya yin kuskure. Da mai nakiya ya wanke ramin da ruwa a hankali, sai ga nakiyar da ba ta tashi ba kwance, ba ta fi taƙi ɗaya daga baki ba. Saminu ya leƙa, ya ja da baya, ya zauna daɓas a ƙasa. Gado ya huda sabon rami daga gefe, aka tayar da ita lafiya. Wakili bai ba da haƙuri ba, amma da la'asar shi ya riƙe wa Gado buta.

Malam Gado, kai ne ka jingina abincinka don ran wani. Kai ne aka yi wa dariya ka bar ta ta wuce. Mu masu gaggawa, da ba mu iya zama wuri ɗaya, mun ga ranar da zama ya fi gudu amfani.

Watan jiya ya ajiye aiki. Yatsunsa sun daina jin zafi da sanyi, ga tarin da ya kwasa tun shekarun da ba a san zuba ruwa ba. Ba a yi masa taro ba, kekensa ya tura ya tafi. Saminu ne ya raka shi har bakin titi.

Mun gode, Malam Gado. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu kama inji, daga Ƙaura har Shinkafi, kada ku sa ƙarfe a tsohon rami, ko wa ya ce ku sa. Tifa na iya jira. 'Ya'yan Saminu uku da ubansu suka yi sallar bana.