Ni da Sikeli da Kunun Kanwa

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan manta ramin da babban yatsan mahaifiyata ya bari a ƙwaurina ba. Yarinyar da nake shayarwa a lokacin yanzu tana firamare, har ta iya yi mini gardama. Amma har gobe in na tuna cewa saura ƙiris ta tashi ba ta san fuskata ba, sai jikina ya yi sanyi.

Ni malamar makaranta ce a Karaye, can nake aure. Da na yi haihuwar fari, bayan suna aka kwashe ni zuwa ƙauyenmu da ke yankin Fulatan, in yi wankan jego a gaban Inna har in yi arba'in. Na tafi da ƙudurina a zuci. Na ga yadda yayyena suka ƙare: kowacce ta je wanka ta dawo ta ninka, kayan lefenta suka zama rabon ƙanne. Ni kuwa ciki ya riga ya buɗa ni, na ce wallahi ban da ni. A ƙasan akwatin jaririya na ɓoye ɗan sikelin da ake hawa, a wayata kuma ga manhaja mai ƙirga kalori, wato lissafin abin da ke cikin abinci wanda in ya yi yawa yake komawa kitse.

Ita ma Inna da nata ƙudurin. A wajenmu, mai jego ta koma ɗakinta a rame abin kunya ne ga uwarta. Dangin miji ba za su faɗa a gabanka ba, amma za a ji a gidan biki cewa gidan su wance ba su iya jego ba. Ranar da ta fara kama ni a kan sikeli, sai ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Wannan kuma fa? Ke buhun gyada ce da za a riƙa auna ki kullum?"

Na ce, "Inna, ƙiba ciwo ce."

Ta ce, "To, mu da ciwon muka haife ku."

Daga nan aka ja daga. Ta kawo farfesun ƙafar sa, in tsakuri kaɗan in ture. Ta kawo tuwon dawa ya sha man shanu, in ɗauki waya in danna, in ga lissafi ya yi sama, in rufe kwano. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta haɗa ni da Baba, duk a banza, don taurin kaina a wajenta na gado shi. Da ta gaji sai ta ce, "Komai kin ƙi, na ji. Amma kunun kanwa ko kina kuka sai kin sha. Shi ke kawo nono, shi ke gyara cikin mai jego."

Na duba wayata. Manhajar ba ta san kunun kanwa ba, sai na shigar da shi a matsayin kunun gero, na ga lissafinsa bai taka kara ya karya ba. Ita kanwar kuwa ba ta da kalori ko ɗaya. Daɗi ya kama ni. Na mai da shi karin kumallona, abincin ranata, da na darena, ba sukari ba komai. Inna kuma da ta ga shi kaɗai ke wucewa ta maƙogwarona, sai ta ƙara hannu wajen zuba kanwar, wai ya fi amfani. Ni ina ganin na yi mata wayo, ita ma tana ganin ta yi mini.

Motsa jiki ma ban bari ba. Mai jego ba ta fita, don haka da na gama wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, sai in faki idon Inna in shiga zagaye rumbunan Baba da ke bayan gida. Ni ce zagaye, ni ce zagaye, awaki suna kallona.

Makon farko sikeli ya ɗan sauka, har na yi rawa a ɗaki. Daga nan sai ya juya. Na hau da safe na ga ya ƙaru, na ce ƙila ƙasar ɗakin ce ba ta daidaita ba, na kai shi kan siminti. Haka dai. Na canza batir, na rage ko ɗan naman da nake tsakura, na ƙara zagaye. Washegari ya sake hawa. Na tsaya ina kallon lambar nan baki buɗe, kamar wadda aka mara. Ta ina abin yake shiga? Mutum yana kwana da yunwa, cikinsa yana kuka, kuma yana ƙara nauyi?

Silifas ɗina suka daina shiga. Zobena ya nutse a yatsa. Zagayen rumbun da nake yi da sauri ya koma sai na dafa bango ina haki. In na kwanta tari ya sarƙe ni, sai na koma jingina da bango da matasai, a haka nake barci. Duk wannan na ɗora wa ƙiba. Na ce kitse ne ya danne mini ƙirji, maganinsa in ƙara matsa wa kaina.

Matan da ke zuwa barka kuwa sai sambarka. "Tubarkalla masha Allah! Jego ya karɓe ki. Dubi kumatu, dubi ƙafa!" Inna tana gefe tana murmushi, tana cewa ai ba ta ma cin abinci, jikin ne mai kyau. Maigidana ya zo duba mu wata Juma'a, ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya.

"Malama, anya ba ɓuya kike yi kina yi wa tukunyar Inna ɓarna ba?"

Wasa yake yi, amma sai na fashe da kuka. Na rantse masa da Allah ban da kunu ba abin da nake sha. Ya rikice yana ba ni haƙuri, yana cewa shi a haka ma na fi yi masa kyau. Babu wanda ya kawo ciwo a ransa, har ni da nake taƙama da boko.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in, Inna ta kwaɓa lalle da hantsi za ta ƙunsa mini na komawa ɗaki. Na zauna a tabarma, na miƙa mata ƙafa a cinya, jaririya tana barci a gefena. Ta kama ƙwaurina don ta gyara zaman ƙafar. Da ta ɗaga hannu, sai ga gurbin babban yatsanta ya zauna a jikina, rami sosai, kamar an danna tuwo mai ɗumi. Muka zuba masa ido ni da ita. Bai ciko ba.

Ta sake dannawa a wani wurin. Wani ramin. Ta kama ɗaya ƙafar, haka. Sai na ga kwanon lallen ya kife a tabarma ba ta ko kalle shi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke, tun yaushe kike barci a zaune?"

Na ce an kwana biyu. Ban san ta lura ba.

"Haka ƙafar ƙanwata ta yi," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Haka take barci a jingine. Muna ta yi mata barka da ƙiba."

Na san Inna tana da ƙanwa da ta rasu tana jego tun kafin a haife ni, ta bar jariri. Abin da aka gaya mana kawai shi ne kwana ya ƙare. Ban taɓa jin yadda aka yi ba sai ranar. Na dubi 'yata da ke barci, na dubi ramin ƙafata, kaina ya sara. Inna kuwa, matar da ban taɓa ganin ta leƙa zaure ba mayafi ba, da ɗankwali kawai ta fita tana ƙwala wa Baba kira a nemo mota.

A asibiti a Rogo ba su riƙe mu ba, suka ce mu wuce Kano a ranar. Can wata likita ta gwada ni, aka yi hoton ƙirji da na zuciya, sannan ta zaunar da mu. Inna tana tsaye da jaririya a baya, maigidana da ya same mu a can yana bakin ƙofa.

Ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba kitse ba ne. Ruwa ne. Zuciyarki ta yi rauni bayan haihuwa, yana faruwa ga wasu mata. Ta kasa tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ya taru a ƙafafunki da cikinki, har ya fara shiga huhu. Me kike ci?"

Ni da wautata har na miƙa mata waya, ta ga yadda nake kiyayewa. Ta duba ta ga kunu, kunu, kunu. Ta ce kunun me? Na ce na kanwa. Ta ce sau nawa a rana? Na ce ai shi ne abincina gaba ɗaya.

Ta ajiye biron hannunta. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, riƙe ruwa take yi a jiki, ga mai raunin zuciya kuwa kowane kofi ƙarin kaya ne. Ta ce, "Da kun ƙara mako guda a gida," ba ta ƙarasa ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Abin da na zaɓa da kaina don ya fi kowane abinci sauƙi a lissafi, shi ne yake cika ni. Ina hawa sikeli kullum, yana gaya mini gaskiya, ni kuma ina amsa masa da ƙarin yunwa. Sai na ji Inna a bayana tana cewa, "Likita, da hannuna nake dama mata. Har ƙara kanwar nake yi."

Likitar ta ce, "Inna, ba ke kika raunana zuciyar ba. Kuma ke kika kawo ta."

Aka kwantar da ni, aka sa mini maganin da ke fitar da ruwa. Cikin 'yan kwanaki nauyin da na yi makonni ina yaƙi da shi ya zube, sai ga ainihin jikina ya fito. Na kalli madubi na kasa gane kaina: ƙasusuwan wuya a waje, ido ya faɗa, hannu kamar sillen kara. Ashe a ƙarƙashin kumburin nan na daɗe da ƙarewa. Na daɗe ina shan magani, kuma alhamdu lillahi zuciyar ta farfaɗo.

Arba'in ta wuce da nisa kafin a mai da ni Karaye. Inna da kanta ta raka ni. Muna shiga, wata gwaggon maigidana da ba ta san abin da ya faru ba ta dube ni ta ce, "A'a, ya na ga amaryar jego a rame haka?" Na dubi Inna, don na san wannan ce maganar da Inna ta fi tsoro a duniya. Sai na ji ta ce, ba ko ɗar:

"A rame na kawo muku ita, Hajiya. Amma da ƙafarta ta shigo."

Abin da na koya shi ne, jiki in ya yi abin da hankali bai ɗauka ba, ba horo yake nema ba, likita yake nema. Ni na kira abin ƙiba ina kuka, Inna ta kira shi ƙiba tana murna, dukkanmu ba wadda ta tsaya ta tambaya. Shi ya sa yanzu in na je barka na tarar da mai jego ta yi ɓul-ɓul ana ta tubarkalla, nakan matsa kusa da ita in kama ƙafarta kamar mai wasa, in danna. Sai na ga wurin ya ciko nake buɗe baki in ce jego ya yi kyau.