Shekarar da Na Kusa Cinye Ɗakin Baba

Jama'a, assalamu alaikum. Na yi dogon shiru a nan, har wasu suna tambayar 'ya'yana ko na rasu. Ina nan da raina, tsufa ne kawai da ciwon gwiwa.

Abin da ya fito da ni yau, jikata aka kama tana taunar alli, uwarta ta ɗauko bulala. Na ce ajiye, zauna ki ji labari.

Ina 'yar budurwa a ƙauyenmu kusa da Makarfi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, sai wata irin kasala ta kama ni. In na jawo guga ɗaya sai in zauna ina haki. Ga jiri, ga bugun zuciya, taɓarya ma ta fi ƙarfina. Inna ta ce son jiki ne.

Sai kuma kwaɗayin ƙasa. Wallahi in aka yi yayyafi, ƙamshin bango ya fi mini na miyar nama. Bayan ɗakin Baba nake laɓewa, ina ɓantara ina ci.

Baba ya ga rami, ya ce gara ce, ya zuba toka. Rami ya ƙaru, ya ce akuya ce, aka ɗaure akuya. Ya yaɓe wurin da sabuwar ƙasa. Ni kuwa daɗi ya kashe ni, sabuwa ta fi laushi.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a gonar rake, wasa ya ƙare. Ina jin Inna tana salati a kaina, amma na kasa buɗe ido. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka tafiyar ke nan.

Baba ya ɗora ni a keke zuwa asibiti. Magani kyauta ne a lokacin, wahalar hanya ce kawai. Muka tarar da wata ma'aikaciyar jinya, 'yar gajeruwa, mutuniyar kudancin Zariya, kowa Sista yake ce mata.

Ta ja fatar idona ƙasa, ta ce fari fat. Ta duba harshe da farce. Ta huda mini yatsa, ta ɗiga jinin a takarda, ta gwada shi da wani kati mai launin ja iri-iri. Nawa kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Har bayan gida sai da aka auna, aka ga tsutsar ciki.

Sannan ta fitar da Baba waje, ta tambaye ni ko na fara al'ada, ko jinin yana zuba da yawa. Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

"Daina kallon ƙasa," in ji ta. "Ko ita ma ci za ki yi?"

Na ɗago a firgice. Ta yi dariya ta ce babu wanda ya gaya mata, masu ƙarancin jini da yawa haka suke, ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne. Nan na gaya mata zancen bangon ɗakin Baba.

Ta kira Baba ta tsara masa abin da za a yi. Ƙwayar ƙarin jini kullum har watanni, maganin tsutsa, takalmi in zan shiga gona, zogale da wake da alayyahu, in riƙa dawowa tana duba idona. Sannan hanta, duk ranar kasuwa.

Baba yana ta "to, to", da aka zo kan hanta ya tsaya. A gidanmu hanta ta maigida ce. Ranar kasuwar Makarfi yake sayo 'yar tsokarsa, Inna ta gasa, ya ci shi kaɗai a zaure, mu mu sha ƙamshi.

"Sista, a ba ta ganyen dai," in ji shi. "Hanta ba abincin yara ba ce."

"To shi ke nan, Malam. Sai ka ci gaba da yaɓe bango."

"Wane bango?"

Sista ta dube ni. Baba ya juyo a hankali ya dube ni.

"Ke ce garar? Innalillahi! Ni da na ɗaure baiwar Allah akuya har ta rame!"

Muka kama hanyar gida. Sai da muka zo wajen mahauta ya taka birki, ya sayi hanta. Da Inna ta gasa, ya turo mini kwanon gabana, ya juya baya don kada ya gani.

"Ci, Gara," ya ce. "Gara ki cinye hantar da ki cinye mini ɗaki."

Ƙwayar ma ta yi nata rikicin. Bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, Inna ta ɗora hannu a ka wai an yi mini sammu. Ashe Sista ta faɗa tun farko, mantawa muka yi.

Kafin a gama yankan rake ina daka ina waƙa. Sista ta ja idona ta ce ya yi ja. Na wuce ta bayan ɗakin Baba, ko sha'awa ban ji ba.

Baba kuwa bai sake cin hanta ba. Har na yi aure a Hunkuyi, ranar kasuwa sai in ga ƙunshi ya iso. A ciwonsa na ajali na gasa masa da hannuna, ya ture kwanon ya ce, "Taki ce, Gara." Har yau in na tuna sai na yi kuka.

Alhamdu lillahi da ya ba ni lafiya. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya saka wa Sista da alheri duk inda take.

Iyaye, in kun ga yarinya tana cin ƙasa ko alli ko ƙanƙara, tana yawan gajiya, ku ajiye bulala ku kai ta a auna jini. A tambaye ta zancen al'ada a keɓe. In an ba da ƙwaya a shanye duka, kuma kada a kora da shayi.

Jikata dai an auna, jinin ne. Ɗazu na sa aka gasa mata hanta, ubanta ya miƙo hannu, na buge shi.