Turancin da Na Sayar wa Habu

Kafin Turanci ya shiga bakina ni mutumin kirki ne, ko kuwa in ce talaka ne da bai samu hanyar ɓaci ba tukuna. A Haɗeja aka haife ni. Ubana masaƙin tabarma ne, kullum hannunsa cikin kaba, ni kuwa na raina sana'ar tun ina saurayi. Da aka zo shimfiɗa layin dogo ta Malam Madori sai na shiga lebura, daga nan na liƙe wa kukun wani Bature, ina wanke tukunya ina tsintar kalmomi. Abin da na tsinta bai wuce na zagi da na aike ba, amma a wancan zamani ko wannan ka iya sai a riƙa ba ka hanya a kasuwa. Aka daina kiran sunana, aka koma ce mini Tafinta.

Wani kamfanin sayen gyaɗa ya buɗe kanti a bakin tasha, ya ɗauke ni. Baturensa Mai Lofe muke ce masa, don lofe ba ya barin bakinsa. Yana neman masu awo da masu jiran kanti da masinjoji, kuma ya kafa doka: ba a ɗaukar wanda ba ya jin Turanci. Sai ku ga yadda yake gwajin, ku sha dariya. Ya miƙe ƙafafu bisa tebur, ko kallon mutum ba ya yi. Ya tambayi sunanka, ya tambayi garinku, ya nuna garwa ya ce mece ce wannan, ya ce ka buɗe ƙofa, ya ce ka rufe. Shi ke nan ilmin ya ƙare. Kullum tambayoyin nan ne, kullum a jeren nan, ko sau ɗaya bai taɓa sauya su ba. Mutumin da ya ƙetaro teku yana ganin ya fi mu wayo, ga iyakar wayonsa. Da ya gaji ma sai ya ce ni in fara tace mutane a waje, wanda na ga ya iya in shigo masa da shi.

Farkon abin ba roƙo na yi ba. Wata tsohuwa ce ɗanta ya ci gwajin da ƙoƙarinsa, ta aiko mini da man shanu a ƙoƙo, wai gaisuwa. Na ci, na ji daɗi, na zauna ina tunanin cewa ashe wannan ƙofa da nake tsaye a bakinta tana da nono. Na gaba da ya zo sai na tambaye shi ko iyayensa ba su san gaisuwa ba. Kafin kaka ta zagayo, ɗakina ya cika da bandar kifi da zabi da tabarmi, har irin waɗanda ubana yake saƙawa.

Daga nan na buɗe makarantata a bayan rumfar awo. Ba Turanci nake koyarwa ba, ina na same shi? Amsoshin nake ɗura musu a jere, su yi ta maimaitawa kamar aku. Na raina su ƙwarai. Ƙattai da gemu, masu iyali, sun durƙusa gabana suna karya harshe, suna ce mini ranka ya daɗe saboda kalmomin da na tsinto a gindin murhu. Darasina na ƙarshe shi ne babba. Ina ce musu, in Bature ya yi maganar da ba ku gane ba, kada ku yarda ku yi zuru, ku sunkuyar da kai ku ce, "Yas sa." Wannan bai yi musu wuya ba. Da ma mu mun tashi da cewa babba ba ya magana ka ce masa ba ka gane ba, "to" ake cewa. Ni dai na canza wa "to" riga ne na sayar musu.

Wanda ya iya da gaske kuwa ba ya wuce ni. Wani ya taɓa zuwa, ya yi makarantar elemantare, Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya zo hannu rabbana. Na ce wa Mai Lofe ɓarawo ne, aka kore shi.

Ana nan sai Baba Ali ya zo daga Guri. Masunci ne, abokin ubana, na sha cin tuwo a gidansa. Ya zo da ɗansa Habu, wanda ba a yi kamarsa wajen tuƙa kwalekwale da jefa birgin kama kifi a duk yankin ba. Baba Ali ya ce, "Ɗana, ga ƙanenka. Ruwa wata shekara ya bayar, wata ya hana. Ka sa shi a inuwa." Habu ya ce, "Yaya, ni fa ba na jin ko ɗaya." Na ce, "Su waɗancan da ka gani ji suke yi?" Rago suka kawo mini, na karɓa ban ji kunya ba. Habu ya haddace amsoshi, ya buɗe ƙofa, ya rufe ƙofa, aka ba shi jiran ƙaramin kantin kamfani da ke Guri.

Gab da damina, kafin ruwa ya yanke hanya, muka je Guri da Mai Lofe a mota. Ya sa aka sauke garewani a kantin. Ya tsaya ya yi wa Habu dogon bayani da Turanci: waɗannan fetur ne na mota, ajiya ce sai ruwa ya janye, ba kananzir ba ne, kada a sayar, kada wuta ta matso kusa. Garwar fetur da ta kananzir kuwa kamarsu ɗaya, sai rubutun jiki, Habu kuma ba ya karatun boko. Ina tsaye a wurin, na ji komai. Habu ya dube ni, idonsa yana roƙona. In na buɗe baki na fassara, Bature zai gane yaron da na kawo ba ya ji, asirina ya tonu. Sai na ƙifta masa ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yas sa." Na ce a raina zan gaya masa kafin mu tashi. Aka kawo mini farfesun kifi, na zauna ci, Bature ya danna ƙaho, na haye mota. Na ce zan aika masa. Ban aika ba.

Ran wata kasuwa kananzir ɗin sayarwa ya ƙare, Habu ya fasa sabuwar garwa don ya auna wa wata mata. Hadari ya haɗo, cikin kantin ya yi duhu, ya ƙyasta ashana ya ga bakin kwalba. Matar Allah ya sa tana daga waje. Shi ya tsaya yana kashe wutar da hannuwansa don kada kayan Bature su ƙone. Kantin ya ƙone ƙurmus, hannuwan ma suka tafi.

Da bincike ya tashi, Mai Lofe ya sauke ƙafafunsa daga tebur a karo na farko. Ya tara duk waɗanda na shigar, ya yi musu magana ba a jeren da suka saba ba. Ya tambayi wani, kai jaki ne? Ya ce, "Yas sa." Na kusa da shi ma haka. Aka kai ni gaban alƙali, waɗanda suke durƙusa mini jiya suka yi layi suna lissafa zabinsu da kifinsu. Alƙali ya ce, "Kai ka ji abin da Bature ya faɗa a Guri?" Na ce na ji. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa?" Shi Mai Lofe, wanda ragwancinsa ya buɗe mini ƙofar, ba wanda ya tambaye shi komai, hutu ma ya tafi ƙasarsu. Ni aka sa wa mari a ƙafa.

Na yi shekaru a gidan yari ina ɗebe bahaya ina sharar kasuwa, mutane suna nuna ni suna cewa ga Tafinta can. A can na fara salla da gaske. Ubana ya rasu ina ciki, an ce har ya mutu bai ƙara ambaton sunana ba.

Da aka sake ni ban shiga gida ba, Guri na nufa. Na sami Habu a bakin ruwa, zaune a gindin tsamiya, masunta na ta fita kamun kifi. Yatsunsa sun manne sun lanƙwashe, ko igiya ba ya iya riƙewa, balle filafilin tuƙa kwalekwale. Baba Ali da tsufansa shi ne a cikin kwalekwale. Na durƙusa na ce, "Habu, ni na cuce ka. Na ji abin da Baturen ya ce, na yi shiru. Ka yafe mini don Allah." Ya dube ni. Sannan ya sunkuyar da kai, daidai yadda na koya masa, ya ce, "Yas sa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau ban san ko ya yafe ba, ni dai na san na koya masa faɗin wannan kalma ne in bai gane magana ba.

Yanzu tabarma nake saƙa, sana'ar da na raina, ina neman gafarar Allah. Ku samari masu rububin aikin kanti da ofis, ku ji daga bakin wanda ya ɓata. In an gwada ku, ku bari a gwada abin da kuka iya da gaske. Duk wanda ya ce zai wuce da ku ta bayan rumfa, irina ne, ku tofa masa yawu. In aka sa ku gwada wasu, kada ku ci ko ƙoƙon man shanu. In kuma babba ya yi magana ba ku gane ba, ku ɗaga kai ku ce ba ku gane ba, ko da za a yi muku dariya. Dariyar ba ta kai wa magariba. Hannuwan Habu kuwa suna nan a Guri, wanda yake shakka ya je ya gani.