Zakin Ponnuthayi

A ƙauyukan gefen birnin Madurai na ƙasar Indiya, duk wanda akki ta kama, wato ƙurajen nan masu zafin wuta da ke yi wa mutum ɗamara, gidan Ponnuthayi mai ginin tukwane yake nufa. Sai ta dama jar ƙasa, ta tsoma gashin kaza, ta zana masa zaki a kan ƙurajen tana zagin cutar har kakanninta. Ko zakin ne ke aiki ko zagin, oho.

Sai amosanin gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu, zaki ya koma fitowa kamar akuya mai ciki. Mijinta Irulandi, tsoho mai bakin tsiya, ya ce ai yanzu dariya ce za ta riƙa kashe akki.

A asibiti likita ta ce maganin gaɓɓan yana rage ƙarfin jiki, akki kuwa masu raunin jiki take so, gara ta yi allurar rigakafi. Ponnuthayi ta yi tsaki. Amma a mota gabanta ya faɗi: duk yankin ita kaɗai ke zane. In abin ya zo kanta, wa zai zana mata?

Zuwa allura ita kaɗai kuma abin kunya ne, a ce mai zaki ta tsorata. Sai ta bi gida-gida ta kwaso matan da suke bin layin masu ciwon gaɓɓai tare a asibiti, ta shirga musu ƙarya wai allurar ta fi kamawa in da zaki a gefe. Suka cika mota da waƙa da shewa, Irulandi na riƙe da kaskon jar ƙasa. Ana tsira wa mace allura, ita tana zana mata zaki a hannu can ƙasa-ƙasa, inda nas ta yarda. Akuya bayan akuya, asibiti ya kaure da dariya.

Aka zo kanta, aka yi. Ta dubi hannunta, wayam, babu zane. Ta dubi matan, yatsunsu sun fi nata lanƙwashewa. Ta fara jan mayafi za ta rufe.

"Tsaya mana, tsohuwa, kar ki motsa," in ji Irulandi, ya ɗauki gashin kazar.

Abin da ya fito ko akuya bai kai ba. Mata suka tuntsire.

"Zaki ne," in ji Ponnuthayi, hawaye na zuba.

Ba ta wanke hannun ba har ƙasar ta kakkaɓe da kanta.