Shaidar da Aminiyata Ta Hana Ni

A shekarar da gwamnatin soja ta canza launin kuɗi ta kuma rufe iyaka, shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai yi kai ba, ina zaman aure a wani ƙauye kusa da Burkusuma, ɗauke da ciki na biyu. Mahaifina malami ne a Isa. A zaurensa na koyi karatu da rubutun ajami tare da wata 'yar maƙwabtanmu, wadda daga baya ta yi boko ta zama ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Sabon Birni. Kwano ɗaya muka ci tun muna yara, ban san wata aminiya ba bayan ita.

Mijina kaya yake kaiwa Nijar. Da hanya ta toshe, shanunsa suka mutu, sai ya koma wani mutum dabam. Da farko faɗa ne, wai anza, 'ya'yan itacen dajin da yunwa ta sa muke ci, ta yi ɗaci ko fura ta yi ruwa. Daga nan mari, daga nan igiyar guga. Ranar da ya karya mini hannu da taɓarya, shi da kansa ya ɗauke ni a babur zuwa asibitin, yana koya mini a hanya in ce daga bakin rumbu na faɗo wurin kankarar ragowar hatsi. A wurinmu miji ne ke yi wa matarsa bayani gaban likita, ita ta sunkuyar da kai. Haka aka yi. Aminiyata ta yi tambaya, shi ya amsa.

Sai da muka shiga bayan labule ta yaye mayafina, ta ga shatin igiya, sabo a kan tsoho. Na faɗa mata komai. Na haɗa ta da Allah kada ta bari ya ji, ta dai aika wa mahaifina. Ta rantse za ta yi. Ban gama ɗaura zane ba na jiyo muryarta a baranda, tana ce wa mijina ya ji tsoron Allah, mace ba jaka ba ce, tana maimaita maganata kalma bayan kalma. Ya yi dariya, ya ce mata ai ta san halin mata. Abin da ya yi mini da muka koma gida ba za ni rubuta ba. A makon nan cikin ya zube.

Na gudu Isa. Mahaifina mutum ne da ba ya yanke hukunci sai da shaida, don haka ya aika aka kira ta. Ina zaune ina ganinta ta ce ita karaya kawai ta gani, irin ta wanda ya faɗo. Daga baya na ji ashe tun farkon yunwar mijina ne ke kai wa gidansu gero. Mahaifina ya dube ni ya ce bai koya mini ƙarya ba, in tashi in koma ɗakina. Na koma, na ƙara shan wuya har Allah ya sa alƙali ya raba mu. Hannun ya warke a karkace. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifina ya ci gaba da kallona a matsayin wadda ta yi wa mijinta ƙage.

Ina kira ga masu aikin asibiti, ku ji tsoron Allah. Idan mace ta zo da rauni, mijinta na amsawa a madadinta, ku keɓe da ita ku tambaye ta. Abin da ta faɗa amana ce, kada ku kai wa wanda ya dake ta da sunan nasiha, domin ku a asibiti za ku tsaya, ita ce za ta bi shi gida. Ku tambaye ta wa take so a sanar. Iyaye kuma, ku duba jikin 'ya'yanku kafin ku nemi shaidar wani.

Shekaru sun shuɗe, mahaifina ya makance yana jinyar ajali, sai ga aminiyar tawa ta yi sallama, ta tsufa kamar ni. Ban miƙa mata tabarma ba. Ta durƙusa a ƙasa, ta ce wa malam ta zo da shaidar da ta ɓoye, ta lissafa masa abin da ta gani a bayana. Sai ya laluba ya kama karkataccen hannuna, yana shafa wurin karayar yana hawaye, ya ce in yafe masa. Ita kuwa ta tambaye ni ko da sauran abin da nake bin ta. Na ce babu, abin da na roƙe ta ke nan tun a bayan labule, yau ta isar. Sannan na ɗauko mata tabarma.