Ramammiyar Saniya da Rumfar Ogbete

Yau shekara ashirin da uku da rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mahautan Enugu ma Alhaji kawai suke ce masa. Ba don abin da ya same mu a watan jiya ba, da addu'a zan yi masa in yi shiru, kamar kowace shekara.

Da aka gama yaƙin basasa muka dawo Enugu, muka tarar da gidanmu na unguwar Asata ba rufi. Alhaji ba shi da jarin sayen shanu masu ƙiba. Sai ya riƙa jiran ramammu, waɗanda doguwar tafiya ta cinye, kowa ya tsallake su. Ya buɗe bakin saniya ya duba haƙori, ya ja fatar ido, ya tsaya har ta yi kashi ya gani. In yunwa ce ya saya, mu ɗaure ta a bayan gida da dusa da ɓawon rogo har ta murmure. In ciwo ne, ko kyauta ba ya so. Da haka ya mallaki rumfa a kasuwar Ogbete.

Sai kuɗin mai suka zo, gari ya ruɗe. Aka fara sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, Alhaji ya saya a wani kamfanin haɗa rediyo. Ba a daɗe ba farashi ya faɗi, abokansa suka sayar da nasu. Shi kuwa ya ƙara saye, wai rama ce, za ta tashi. Kamfanin bai tashi ba. Ya yi shekaru bai ta da maganar ba, sai wata rana yana cin abinci ya ce, "Hajiya, na sayi saniyar da ban buɗe bakinta ba."

Yanzu ga autanmu Nasiru, magidanci har da furfura. A waya yake sayen hannun jarin kamfanonin fasaha, masu yin abubuwan da ke cikin wayar kanta. Kasuwar ta rushe musu bana. Masana sun rabu, wasu na cewa an kai ƙasa sai tashi, wasu na cewa da sauran faɗuwa. Nasiru yana tare da na farko, kuma yana son a sayar da rumfar ya ƙara saye.

Na ce, "Auta, ka san yunwa ce ko ciwo?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, kamfani ne fa, ba saniya ba. A Amurka yake. Ba Baba ne ya ce a sayi abu ranar da kowa ke gudunsa ba?"

Alhaji ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Wata rana in ga zai ƙwace wayar. Wata rana in ga zai jawo kujera ya ce a nuna masa, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amsar nan ta biyu ita ke hana ni sukuni.

Rumfa gado ce, yayyensa mata sun bar masa, ni kaɗai na rage ban yarda ba. Na yi sati uku ina ja. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ni me na hango? Tsoro kawai, ba hujja. Na sa hannu a takardar sayarwa, da rubutun nan nawa na ajin yaƙi da jahilci, harafi ɗai-ɗai.

To me ya rage na Alhaji? Zuciyarsa tana nan a ƙirjin ɗansa, ba ta ragu ba. Idonsa kuwa da shi aka binne. Allah Ya sa Nasiru ne mai gaskiya, ni ce na tsufa. Ranar Litinin sabon mai rumfar zai buɗe. Na riga na gaya wa mai okadan, wato ɗan acaɓan da ke kai ni cefane, ya riƙa bi da ni ta ɗaya ƙofar kasuwar.