Ranar da Na Ƙi Buga wa Ɗorawar Mama Saratu Guduma

Ban taɓa mantawa da ranar da na koma ofis da gudumata a jaka ban buga wa ko itace ɗaya ba. A farkon shekarun casa'in ne, ina malamin daji a Kafanchan. Ku sababbin shiga aikin daji ba ku tarar da gudumar nan ba. Ƙarfe ce mai hatimin hukuma. Duk itacen da aka ba da izinin sarewa sai malamin daji ya buga masa ita, in ba haka ba mai sara ɓarawo ne.

Wani ɗan kwangila, Oga Bitrus, ya sayi gona a bakin rafi kusa da Zonkwa zai zuba citta, don a shekarun nan citta ta haukata kowa. Ya nemi izinin share itatuwan ciki, shugabanmu ya sa hannu, ya ce in je in buga.

Na isa na tarar da masu zarto sun jera, ga kuma wata dattijuwa, Mama Saratu, zaune a gindin ɗorawa ta miƙe ƙafa. Na gaishe ta, na ce, "Mama, lafiya?"

Ta ce, "Ina lafiya, Malam? Ƙanen mijina ya sayar da ƙasa, amma itacen nan nawa ne. Uwar mijina ne ya bar mini. Da daddawansa nake ci da marayu."

To, a nan baƙo ke tuntuɓe. A ƙasar nan gona daban, itace daban. Mutum na iya sayar da gonarsa, amma ɗorawar da ke ciki tana nan a hannun wadda ta gaje ta. Oga Bitrus ɗan ƙasa ne, ya san haka sarai, kawai ya ga gwauruwa ce ba mai tsaya mata. Wallahi raina ya ɓaci.

Na ce masa, "Oga, cittarka in ta yi kyau ka ci ribar 'yan shekaru, ƙasa ta gaji ka tashi. Itatuwan nan su ke riƙe da gaɓar rafin da garin nan ke sha. Ka rage rassa, ganyen ma ka rufe cittar da shi, ai kana bukatarsa."

Ya ce, "Wa'azi aka aiko ka ko aiki?"

Na ce aikin ke nan. Na tura aka kira mai unguwa da ƙanen mijin, na tambaye shi a gaban jama'a ko ya sayar da ɗorawar. Ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce shi dai ƙasa ya sayar. Na ɗaure jakata a bayan babur na kama hanya.

Shugabanmu ya yi ta faɗa kamar zai tsage. "Kai ne za ka mayar da sa hannuna wasa?"

Na ce, "Yallaɓai, izinin na itacen mai gona ne, ɗorawar nan kuwa ba tasa ba ce. In an kai ƙara, hatimin gudumata za a gani, ba sa hannunka ba."

Ya san gaskiya ce. Amma kafin damina ta sauka aka yi mini canji zuwa Kasuwan Magani, na kwashi iyali ana tsakiyar zangon karatun yara. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye muku ba. Ba wanda ya yarda ya je ya buga gudumar a bayana, ɗorawar ta tsaya.

Kafin in tafi na biya na yi wa Mama Saratu sallama, ina tsammanin za ta yi ta sa mini albarka. Tana tankaɗen garin ɗorawa, ko tsayawa ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Amma godiyar me, Malam? Ai ba ka ba ni komai ba, abina ne."

Na yi dariya har na kai bakin titi, don ta faɗi aikinmu gaba ɗaya. Mu malaman daji ba mu ba kowa komai. Namu shi ne mu hana a ƙwace wa mutane, da jikokinsu da ba a haifa ba, abin da dama nasu ne. Wanda ke jiran a gode masa a kan haka, gara ya nemi wani aikin tun da wuri.